Ina Ruwan "Go" da "Went"?

Malama Rabi Funtuwa: Assalamu alaikum jama'a. Malaman Turanci na cikinmu, ku agaza mini. 'Yan aji huɗu nake koyarwa, mun zo kan shuɗaɗɗen lokaci. Na ce musu a liƙa "ed" a ƙarshen aikatau, play ya koma played, walk ya koma walked, kowa ya gane. Da muka iso kan go na ce went ake cewa, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai ko harafi ɗaya ba su haɗa ba." Na duba allo, gaskiyarta. Wa ya san inda went ɗin nan ta samo asali? Sing da sang ko ba komai ka ga kama. Wannan kuwa babu.

Sagir Ɗambatta: Wa alaikumus salam. Malama ki ce mata haka Bature ya ga dama. Mu ma haka aka ce mana, da dorina a hannu, kuma ga shi mun rayu.

Maman Hanif: Kai dai Sagir ba ka rabo da shirme. Tambayar yarinyar nan ta fi ƙarfin yawancinmu, shi ya sa kowa ya yi tsit. A taɓo mana Baba Lawal.

Ɗan Gwaggo: Ba sai an jira kowa ba. Turanci ai harshen sata ne. Go daga Hausa suka ɗauke ta, gudu ce suka gutsure. Ku duba ma "gaba". Duk tafiya ce. Turawa ba za su taɓa faɗa muku wannan ba.

Baba Lawal: Wa alaikumus salam. Ina masallaci ne. Malama Rabi, Allah ya yi wa ɗalibarki albarka, idonta a buɗe yake. Amsar a taƙaice ita ce go da went tun asali ba kalma ɗaya ba ce. Aikatau biyu ne daban, kowanne da gidansu.

A tsohon Turanci, wanda Angulawa da Saksawa suka shigo da shi tsibirin Birtaniya daga gaɓar Jamus da Denmak tun ƙarni na 5, kalmar tafiya ita ce gan, da dogon wasali. Daga baya a kudancin Ingila wannan dogon "a" ya rikiɗe ya zama "o". Ba ita kaɗai abin ya shafa ba: stan ya zama stone, ban ya zama bone, ham ya zama home, gan ta zama go. A arewa da Sikotilan canjin bai bi ta nan ba, shi ya sa a karin harshensu har gobe za ka ji stane da hame da gae.

To akwai kuma wani aikatau na daban, wendan, mai nufin juyawa ko karkata, daga nan ya ɗauki ma'anar kama hanya. Shi ne ya zama wend. Yanzu ki jera waɗannan a allo ki gani: send, sent. Bend, bent. Lend, lent. Spend, spent. Wend, me zai biyo? Went. A gidan ubanta went 'yar halak ce, tana bin ƙa'ida daidai da 'yan uwanta. A gidan go ne take agola. Wajejen ƙarni na 15 ta tare a can dindindin, har shi wend ɗin ya rasa abarsa, sai da aka ƙera masa wended. Yau kuma da kyar ka ji wend sai a rubutun masu son ƙawa.

Malama Rabi Funtuwa: Ikon Allah! Baba na gode ƙwarai. Wannan jerin na send da sent shi zan rubuta musu. Amma kafin went ta tare, da me suke cewa "na tafi"? Ko goed ɗin da yara ke faɗa ita ce ta asali aka kore ta?

Baba Lawal: A'a 'yata, abin dariyar ke nan. Wadda went ta tarar a ɗakin ita ma ba jinin go ba ce. A tsohon Turanci eode suke cewa, daga baya ta koma yede ko yode. A rubuce-rubucen ƙarni na 14 za ki tarar da yede da wente suna yawo tare, wani marubucin ma ya yi amfani da duka biyun. Sannu a hankali yede ta mutu. Mutanen Sikotilan ne suka yi irin abin da yaranki ke yi, suka ƙera gaed daga gae, kuma a karin harshensu daidai ne.

Sagir Ɗambatta: Wato da a Sikotilan aka haife ni da ban sha bulala ba.

Ɗan Gwaggo: Baba da girmanka, duk wannan ai littattafansu ka karanta. Wa zai rubuta cewa ya yi sata? Ni dai kunnena ya gaya mini go da gudu abu ɗaya ne.

Baba Lawal: Ɗan Gwaggo, kunne shaida ne amma ba alƙali ba ne. Kalmar tana cikin rubutun Ingila tun kafin shekara ta 1000. Kuma tana da dangi a kusa da gida: Jamusawa na cewa gehen, mutanen Holan gaan, mutanen Suwidin gå. In sata ce, sai ka gaya mana wane Bahaushe ne ya zagaya ƙasashen nan duka yana raba musu ita. Kamar sauti kaɗai ba ta isa hujja ba. A Farisanci akwai kalmar bad, ma'anarta mummuna, daidai da ta Turanci a furuci da ma'ana, amma masana sun bi sawun kowacce sun tarar ba su haɗa komai ba. Harsunan duniya sun fi dubu shida, sautukan da baki ke iya fitarwa kuma ƙalilan ne, dole a yi ta karo.

Ɗan Gwaggo: To mu bar shi a haka. Amma ban janye ba.

Isuhu Maraɗi: Salamu alaikum 'yan Najeriya. Ni dariya kuke ba ni, kuna kuka da kalma biyu. Mu da muka yi lakwal da Faransanci uku aka haɗa mana a aikatau guda. Kalmar tafiya aller ce. In ni ke tafiya, je vais. In mu ne, nous allons. In gobe ne, j'irai. Mushe, wato malaminmu, ya sa mu haddace su kamar karatun allo, ba wanda ya ce mana don me. Sai da na girma na ji cewa vais daga vadere na Latin take, irai daga ire, ita kuwa aller har yau ana gardama a kanta, da yawa na danganta ta da ambulare. Latin ɗin ma kalmomin tafiya daban-daban gare shi, Faransawa suka tsinci guntu-guntu suka ɗinke.

Maman Hanif: Malam Isuhu Allah ya ba ku haƙuri, ashe mu gata aka yi mana. Amma ni abin da ya ɗaure mini kai, me ya sa kullum kalmar da aka fi buƙata ita ce mai taurin kai? Go, be, have, do, come, eat. Wadda ba ka cika amfani da ita ba sai ka ga tana bin doka salin alin. Ai kamata ya yi a ce akasin haka ne.

Baba Lawal: Hajiya kin taɓo jijiyar maganar. Kalmar da yaro ke ji sau ɗari a yini ba ya buƙatar ƙa'ida kafin ya riƙe ta, a dunƙule yake haɗiye ta. Wadda sai an shekara ba a ji ba, in ya zo faɗa ya manta yadda kakarsa ke cewa, sai ya liƙa mata "ed" ya wuce. Haka help ta yi, da can holp ake cewa, yanzu helped. Wasu masu bincike a jami'ar Harvard sun ƙirga wannan a 2007. Sun ɗauki aikatau 177 da ba sa bin ƙa'idar "ed" a tsohon Turanci, suka tarar a Turancin tsakiyar zamani saura 145, a na yau saura 98. Waɗanda suka miƙa wuya su ne waɗanda ba a cika faɗa ba. Su be da go kuwa suna sahun gaba a yawan amfani, don haka ba ranar da za su sauka.

Be ma ta fi go rikici. Am da is gida ɗaya, be gida daban, was da were wani gidan na uku.

Ustaz Nura: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Don kada a ce abin na Turawa ne kaɗai, Larabci ma yana da shi. Mace ɗaya imra'a, mata da yawa nisa'. Duk wanda ya yi sarfu ya san ba daga saiwa ɗaya suka fito ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa Larabci ya lalace saboda haka.

Sagir Ɗambatta: Alhamdu lillahi mu dai Hausa ba ruwanmu da wannan hauka. Na tafi, ina tafiya, zan tafi. Tsaf. Shi ya sa nake cewa harshenmu ya fi nasu tsari.

Maman Hanif: Laifi tudu ne Sagir. Mene ne jam'in babba?

Sagir Ɗambatta: Manya mana.

Maman Hanif: To nuna mini babba a cikin manya. Ɗana Hanif yana shekara uku "babbobi" yake cewa, muna ta dariya. Ka ga goed ɗin Hausa ke nan.

Isuhu Maraɗi: Hajiya ta kashe bakinka Sagir. Ga wata: in za ka kira yaro sai ka ce "ya ka nan", mace "ya ki". Ina zo a ciki? Sannan je da zuwa. Na je makaranta, ina zuwa makaranta. Wanda ke koyon Hausa ai sai ya yi kuka.

Baba Lawal: Babba da manya misali ne mai kyau. Amma je da zuwa a yi hattara, Malam Isuhu. A Hausa "z" kan koma "j" in ta haɗu da "e" ko "i": kaza, kaji. Ya gaza, ya gaji. Saboda haka masana nahawun Hausa da dama suna ganin je da zo da za duk 'yan ɗaki ɗaya ne, sauti ne ya ɓad da kamarsu. Wannan daban yake da na go da went, inda babu dangantakar ko kaɗan.

Tunda kuma an ambaci za, bari in nuna muku inda Hausa da Turanci suka bi hanya ɗaya ba tare da sun yi shawara ba. In ka haɗu da mutum a hanya ka ce "ina za ka?", ya ce "za ni kasuwa", wannan za tafiya ce da ƙafa. Amma in ka ce "za a yi ruwa" ko "zan kwanta", wa ke tafiya? Ba kowa. Kalmar tafiya ce ta zama alamar abin da bai faru ba tukuna. Haka Turanci ya yi da going to. Da farko sai mutum ya tashi da gaske zai je wani wuri don yin wani abu. Daga ƙarshen ƙarni na 15 aka fara ganin alamun ma'anar tana zamewa, har aka kai ga ana cewa it is going to rain, alhali ruwa ba ƙafa gare shi ba. Da ma'anar ta saki tafiya sai furucin ma ya lotse ya zama gonna, daidai yadda "za ni" da aikatau ya lotse ya zama "zan". Ku lura, Ba'amurke zai ce gonna eat, amma ba zai taɓa cewa gonna Kano ba. In tafiyar gaske ce dole ya cika bakinsa da going to.

Isuhu Maraɗi: Wallahi Faransanci ma haka. Je vais manger, zan ci abinci, ko kana zaune daram a kan tabarma.

Ustaz Nura: Larabcin Sham ma suna sa raḥ kafin aikatau, Misirawa su gajarta ta koma ḥa. Daga rāḥa take, wato ya tafi. Wanda ya saba da fusha, wato Larabcin littafi, kaɗai yakan yi mamaki in ya ji su.

Sagir Ɗambatta: Ga na 'yan Sabon Gari: I go come. I go go. Ashe Buroka ma da nahawunsa.

Baba Lawal: Da nahawunsa ƙwarai, kuma mai tsari. I go go ɗin da kake wa dariya ba ta da bambanci da "zan je", ko going to go na Bature. Na farko alamar lokaci ne, na biyu shi ne tafiyar.

Ɗan Gwaggo: Ato! Kun gani ko? Za da going to. Na ce muku daga wurinmu suka kwasa.

Maman Hanif: Ɗan Gwaggo don Allah ka sha ruwa. Larabawan Sham ma wurinka suka kwasa?

Injiniya Bashir: Ni tarihi bai dame ni ba, ma'anonin ne ke ba ni ciwon kai. Lokacin da nake aiki da wani kamfanin gine-gine, shugabanmu Bature ya ce mini the alarm went off. Na ce masa to bari in je in kunna. Ya kalle ni kamar na zage shi. Ashe nufinsa ƙararrawar ta kama kuka. To amma in wuta ta went off ɗaukewa ta yi. In madara ce, ta lalace. In bam ne, ya tashi. Kalma biyu rak, ma'ana huɗu, biyu ma kishiyoyin juna. Wannan wane irin harshe ne?

Baba Lawal: Injiniya, irin harshen da ake cin abinci, a ci kasuwa, a ci bashi, a ci amana, a ci sarauta, a ci jarrabawa, a ci mutunci, wuta ta ci gida, a ci mutum tara, a ci ƙwallo biyu, sannan a ci gaba. Ka buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ka ga wurin da ci ta cinye. Bature mai koyon Hausa shi ma yana can yana tambayar wane irin harshe ne wannan.

Na go akwai zaren da ya ɗinke yawancinsu. Tushen shi ne barin inda ake zuwa wani wuri. Daga wuri sai aka koma hali: go bad, go mad, go blind, abu ya bar yadda yake ya koma wani, kuma ka lura galibi zuwa lalacewa ne. Ba a cewa mutum ya go lafiya. Daga nan sai gushewa ɗungurum: kuɗi sun ƙare, he is gone ga wanda ya rasu, yadda mu ma muke cewa wane ya tafi. Sai motsi: inji in yana aiki, yana going. Ƙararrawarka da bam suna nan, abu ne da yake shiru ya ɓalle da ƙarfi. Ita kuma wutar lantarki off ɗinta na makunni ne. Hanyoyi biyu ne suka haɗu a kalma ɗaya.

Har ago da kuke cewa two years ago 'yar gidan ce. Asalinta agone, wato abin da ya wuce. Shekara biyu da suka tafi ke nan. Kuma duk inda go ta shiga sai ta ja agolarta: undergo, underwent. Ɗalibai da yawa sun faɗi a nan da undergoed.

Injiniya Bashir: Baba na karɓa, amma duk da haka da sun tausaya mana. Af, goslo fa? Na faɗa wa wani ɗan Ingila cewa goslo ya riƙe ni a Legas, bai gane ba sam.

Isuhu Maraɗi: Mu nan ambutayaj muke cewa, na Faransawa.

Baba Lawal: Ba zai gane ba. A Birtaniya go-slow salon bore ne na ma'aikata: ba su tafi yajin aiki ba, sun zo, amma da gangan suke jan jiki don mai kamfani ya ji a aljihunsa. 'Yan Najeriya ne suka ɗauke ta suka ɗora wa cunkoson motoci, mu kuma muka hausantar da ita.

Malam Habu Headmaster: Na karanta duka. Ilmi ne, ba musu. Amma Malama Rabi ina ba ki shawara a matsayin wanda ya daɗe a aji: kada ki kwashi Angulawa da Saksawa ki kai wa 'yan aji huɗu. Yara saba'in a ɗaki, minti talatin da biyar. Mai gyaran takardar jarrabawa ba zai tambaye su wend ba. Go, went, gone, su rera shi har ya zauna. Mu da haka muka iya.

Maman Hanif: Ranka ya daɗe ban yarda ba. Rerawar ce ta sa muke da masu digiri da ke rubuta I have went. Sun haddace jeri, ba su san inda kowacce ke zama ba. Kuma yarinya ta yi tambaya. In aka ce mata "haka yake, zauna", gobe ba za ta sake ɗaga hannu ba.

Malam Habu Headmaster: Hajiya, have went ba rashin tarihi ne ya kawo ta ba, rashin karatu ne. Yaron da ke karanta littafi ko jarida zai ga have gone sau dubu, kunnensa ya saba. Baba Lawal da kansa ya ce yawan ji ne ke riƙe kalmar. To yaranmu a ina suke ji? A gida Hausa, a titi Hausa, a aji ma rabin darasin Turancin da Hausa ake yi. Nan matsalar take.

Baba Lawal: Malam Habu yana da gaskiya a kan yawan ji, kuma haddar ba makawa. Inda zan ƙara shi ne a kan hukunci. Masu nazarin yadda yara ke koyon harshe sun daɗe da lura cewa ɗan Bature ma yakan fara da went, don abin da ya ji ke nan. Can sai ya gano ƙa'idar "ed", ya koma cewa goed, wani lokaci har wented, iyaye su ɗauka ya koma baya. Daga bisani ya dawo kan went. Saboda haka yaron da ya rubuta goed ya nuna ya kama ƙa'ida, saura a nuna masa waɗanda suka fi ƙarfinta. Wanda ya rubuta yesterday I go shi ne bai fara ba. Bai kamata jan biro ya yi musu kuɗin goro ba.

Malam Habu Headmaster: Wannan na yarda da shi. Amma maki ɗaya za su rasa su duka biyun, don haka takardar ta ce.

Malama Rabi Funtuwa: Na gode muku duka. Baba, wata ta taso mini: good da better ma haka ne, ko su sauti ne ya ɓad da su irin kaza da kaji?

Baba Lawal: Irin na go da went ne. Better da best daga wata saiwa suke, bat, mai nufin amfani ko gyara, ba su haɗa komai da good ba. Jamusanci ma haka ya gada: gut, besser. Bad da worse su ma gida biyu ne.

Sagir Ɗambatta: Ɗan Gwaggo, ga dama ta samu. Better daga "bita" take ko daga "batta"?

Ɗan Gwaggo: Ina bincike. Zan dawo muku.